Kwalemar Bazara: Mu Fitar da Ƙurar Hunturu Kafin Damina Ta Sauka

(Kiɗan buɗe shiri)

 Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na faɗakarwa kan lafiyar iyali da tsaftar muhalli. 

Yau kwalema za mu tattauna a kai, babbar sharar nan da ake fitar da kayan ɗaki kaf, a kakkaɓe, a wanke, a shanya, sannan a mayar. Sharar safe da yamma kam ana yi, Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri. Sai dai akwai dattin da tsintsiyar kullum ba ta kai masa: bayan sif, ƙarƙashin gado, kan fanka, gindin randa, ƙuryar ɗakin ajiya, cikin kwata. Irin wannan sai an ware masa rana, kuma duk shekara babu lokacin da ya dace da shi kamar bazara.

Ga dalili. Tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu ko farkon Maris, iskar hunturu take kwaso mana ƙura daga Sahara. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe tun zamanin da, ya bar ƙasa mai laushi da iska ke ɗauka cikin sauƙi. Ko an kulle taga an saki labule sai ta shiga. Wata uku zuwa huɗu tana sauka a gidajenmu, tana maƙalewa a katifa da darduma da silin. Yanzu ta lafa. A gabanmu kuma ga damina: mutanen Jos da kudancin Kaduna kan fara ganin ruwa tun Afrilu, na Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram sai Mayu ko Yuni. Da zarar danshi ya tarar da wannan ƙura a inda take, sai ta koma fumfuna da wari, ƙwari su samu wurin hayayyafa. Makonnin da ke tsakani su ne damarmu. A cikinsu ne rana ke haura digiri 40 a ma'aunin zafi, ta busar da wanki cikin sa'a guda, ta gasa katifa ba tare da an biya ta ko sisi ba.

Wasu al'ummomin ma suna da irin wannan al'ada. Mutanen Turai kan yi tasu da sanyi ya wuce, tun zamanin da hayaƙin gawayin ɗumama ɗaki ke baƙanta musu bango. Mutanen Iran kan yi tasu gabanin bikin sabuwar shekararsu ta Nauruz, wadda ke faɗowa ranar 20 ko 21 ga Maris. Tamu kwalemar aiki biyu gare ta: fitar da abin da hunturu ya bari, da toshe ƙofar abin da damina za ta kawo.

Kafin a taɓa tsintsiya, a yi shiri. A fara da sassafe, bayan sallar asuba, a tsaya kafin rana ta take, a riƙa shan ruwa akai-akai. Kada a ce sai an gama gidan duka a yini ɗaya. Ɗaki guda a rana ya wadatar, sannu ba ta hana zuwa. A tanadi tsintsiya mai dogon hannu, da ta laushi, da bokiti biyu, ɗaya na ruwan omo ɗaya na ɗauraya, da tsummokara masu yawa, da buroshi, da safar hannu ta roba, da takunkumi. Wanda ba shi da takunkumi ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle mai ɗan danshi. Jarirai, da tsofaffi, da mai juna biyu, da duk mai ciwon asma, su koma wani ɗaki ko gidan maƙwabta har ƙura ta kwanta. A kashe wutar lantarkin ɗakin daga tushe kafin ruwa ya kusanci soket ko fanka, ko da babu wuta a lokacin, domin ana iya kawo ta ba sallama.

Sai ƙa'idoji uku, waɗanda nake roƙo a riƙe su ko da an manta da sauran bayanin.

Ta farko, a fitar da kaya. Ɗakin da ke cike ba ya sharuwa. Yayin da ake fitarwa, a kasa kayan kashi uku: na amfani, na kyauta, na zubarwa. Atamfar da ta shekara biyu a ƙasan akwati ba a ɗaura ba, akwai wadda za ta yi murna da ita.

Ta biyu, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙurya zuwa bakin ƙofa. Silin da yanar da ke kusurwa su ne farko, sai fanka, sai bango da taga, sai kayan katako, daɓe ne ƙarshe. Wanda ya fara da goge ƙasa sannan ya hau kakkaɓe silin ya yi aikin baban giwa.

Ta uku, kuma ita ce babba, a yi aikin a jiƙe. Ƙurar hunturu ta fi ƙarfin busasshiyar tsintsiya. In aka share ta haka nan, tashi take yi ta cika ɗakin, mai shara ya shaƙi rabi, sauran ta dawo ta kwanta bayan an fita. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da tsumma mai danshi, a riƙa sauya ruwan bokiti da zarar ya yi ja.

To, mu shiga ɗakin kwana. Uwar gida, a kira yara maza su kama a fitar da katifa. A jingine ta inda rana ke duka sosai, a bubbuge ta da sanda, bayan sa'o'i a juya ɗaya gefen. Kafin a mayar, a zauna a duba ɗinkin gefenta da kyau, a ɗaga shi da yatsa. In kin ga ɗige-ɗige baƙi kamar an ɗiga tawada, ko ɓawo fari-fari ƙanana, ko jini-jini a zanen gado, to kuɗin cizo ya yi gida. Zafi ne babban maganinsa. A jiƙa zannuwan gado da rigunan filo a ruwa mai zafi sosai kafin a wanke. Tufafin da ba sa son ruwan zafi a zuba su a baƙar leda, a ɗaure bakinta, a bar ta cikin rana tun hantsi har la'asar. Gadon kansa a kwance shi, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗansa da ramukan ƙusa, a toshe tsagar bango da siminti. Ƙwan kuɗin cizo kan ƙyanƙyashe cikin mako ɗaya zuwa kwana 10, don haka a maimaita aikin bayan mako biyu, in ba haka ba sai a ga kamar ba a yi komai ba.

Gidan sauro mai magani kuwa dokarsa daban. Shi ba ya son rana, ba ya son omo mai ƙarfi, ba ya son ruwan zafi. A wanke shi a hankali da ruwan sanyi da sabulun wanka, a shanya a inuwa, a ɗinke duk inda ya huje. Ƙarfin maganinsa kan kai kimanin shekara 3. In ya wuce haka, ko ya yayyage, a nemi sabo tun kafin sauron damina ya iso.

Fanka ta sama, ga dabara: a zura tsohuwar rigar filo mai danshi a kowane reshe, a riƙe a jawo, dattin duk ya zauna a ciki maimakon ya zubo wa mutum a ido. Fanka ta tsaye a cire ragarta a wanke. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya ciro matatarta ya ɗauraye, ya bari ta bushe. Masu sola a kan rufi su sani cewa ƙurar da ta lulluɓe farantin tana rage wutar da yake bayarwa. A wanke shi da ruwa zalla da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, kada a watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana yana zafi.

Sai taga. Gidaje da yawa an toshe tagogi da kwali da tsumma saboda sanyi, har yau ba a cire ba. A cire su yau. A wanke ragar taga da buroshi, domin ƙura kan toshe idanunta har iska ta kasa wucewa. Wannan magana ta shafi rai, saboda muna tsakiyar lokacin sanƙarau. Yankinmu na cikin zirin ƙasashen da cutar ta fi addaba, daga Senegal har Habasha, kuma daga Disamba zuwa Yuni take tashi, lokacin da busasshiyar iska da ƙura ke raunana hanci da maƙogwaro. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, akasarinsu a Arewa. Cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana sauƙaƙa yaɗuwarsa daga mutum zuwa mutum. A buɗe taga, a rage yawan masu kwana a ɗaki guda in da hali, sannan a kai yara rigakafi, domin allurar ce babbar garkuwa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar cutar. Duk wanda zazzaɓi mai zafi ya kama tare da ciwon kai da sandarewar wuya, a garzaya da shi asibiti a ranar.

Labule a wanke, darduma da kafet a fitar a bubbuge nesa da ƙofa, ledar ɗaki a ɗage ta a goge ƙarƙashinta. Amarya, jerenki ma a sauko da shi, kwalla da samira da tangaran, a goge kabet ciki da baya. A jawo sif daga jikin bango a leƙa, nan ne gara ke fara gininta a ɓoye.

Masu sauraro, bari mu ɗan sarara, yanzu za mu dawo mu shiga madafa da ɗakin ajiya.

(Gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan kwalemar bazara, mun kuma iso inda aikin ya fi muhimmanci, wato wurin da abinci yake.

A shiga ɗakin ajiya da tocila. A janye buhunan hatsi daga bango, a duba ƙasa. Abin da ake nema shi ne kashin ɓera, ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi masu kama da tsabar shinkafa, da buhun da aka ɓula ta gindi, da rami a kusurwa. In an gani, kada a share shi a bushe, kada kuma a taɓa da hannu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa yake shiga jikin mutum, ko ta abincin da ya taɓa, ko ta ƙurar da aka shaƙa. Da rani ya fi ƙamari, lokacin da daji ya bushe, aka ƙone shi, ɓeraye suka yo cikin gari neman abinci. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi na cikin waɗanda suka fi fama da shi. Mutum 4 cikin 5 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma na biyar ɗin yakan kwanta rai a hannun Allah.

Ga yadda za a yi. A buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa na rabin sa'a. A sa safar hannu da takunkumi. A haɗa ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik. A duba jikin kwalbar: in ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, kofi 1 na bilic a kofi 6 na ruwan sanyi. A zuba a kan kashin har ya jiƙe sharkaf, a bar shi minti 5, sannan a kwashe da tsumma ko takarda, a ƙulle a leda a jefar. Mushen ɓera ma haka za a yi masa. Bayan nan a goge daɓen duka, a wanke hannu da sabulu. Ramukan kuma a cusa musu tsakuwa ko fasasshiyar kwalba a shafe da siminti. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ɓera ma haka. Wanda zazzaɓi ya ƙi sauka duk da ya sha maganin cizon sauro, ya je asibiti, ko a kira hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, a lambarta ta kyauta, 6232.

Hatsi kada ya koma ƙasa. A ɗora buhu a kan katako, a bar tazara tsakaninsa da bango. Gari da shinkafa da garin kwaki a zuba su a roba ko durom mai murfi. Wake kuwa, da ƙwari ke cinyewa tun kafin damina, akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, manoman Najeriya da Nijar sun daɗe da saninsa. In aka ɗaure kowane ninki tam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu ba tare da an sa ɗigon magani ba.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Ranar kwalema ce ranar da mutane suka fi ɗauko fiya-fiya da Sniper su yayyafa a ɗaki. Sinadarin da ke cikinsu na gona ne, guba ne mai shiga jiki ta numfashi da ta fata. Shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni da kantuna. Haka nan ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhun hatsi, iskar da take fitarwa tana kisa, kada a ajiye buhun da aka sa ta cikinsa a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi. In lallai sai an yi feshi, a sayi wanda aka yi don gida, a rufe abinci, a fitar da kowa, a bi umarnin da ke jikin gwangwanin, kada a dawo sai an buɗe ɗakin ya sha iska. Kuma don Allah kada a ɗura kananzir ko bilic ko maganin ƙwari a gorar lemo. Yaro ba ya karatu, gora kawai yake gani, ga zafi ga ƙishirwa.

Bilic shi ma yana da sharuɗɗa. Ruwan sanyi kaɗai ake haɗa shi da shi. Kada a gauraya shi da maganin wanke masai mai asid, ko ruwan kal, ko lemon tsami, da sunan ƙara masa ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, a ƙaramin banɗaki tana iya kayar da mutum. Ana fara wanke wuri da omo ne a ɗauraye, sannan a bi da bilic, domin datti yana kashe masa kaifi. Don goge kanta da hannun ƙofa da teburin girki, cokali 2 na cin abinci a lita 1 ta ruwa ya isa. Wanda aka haɗa yau ba ya kwana, gobe a haɗa sabo.

Sauran madafa aikin hannu ne da kowa ya sani. Toka da soson ƙarfe suna fitar da baƙin tukunya. Maiƙon bango da na risho, ruwan ɗumi da omo. Turmi da taɓarya da muciya da akushi a kankare su a shanya su bushe ƙarau, faifai da matankaɗi a goge da buroshi. Firij a kashe shi, a kwashe kayan ciki, a wanke, a share ƙurar bayansa don injin ya huta. Mai girki da gas ya shafa kumfar sabulu a jikin tiyo da mahaɗarsa. In kumfar ta riƙa kumbura, gas na tsiyaya, a sauya tiyon nan take.

Mu koma ga ruwan sha. Uwar gida, yaushe rabon da a juye randar nan gaba ɗaya? Sa hannu ki shafa cikinta, santsin da za ki ji datti ne da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a ciki. A juye, a dirje da sabon soso, a ɗauraye, a kife ta a rana. A yi mata murfi, a ware mata moɗa mai dogon hannu da za a riƙa ratayewa, kada kowa ya tsoma kofinsa. Jarka a zuba mata tsakuwa ƙanana da ruwan omo a jijjiga. Tankin sama a zubar da ruwansa, a kwashe laka, a dirje, a ɗauraye har sai babu sauran warin sabulu ko bilic, a tabbatar murfinsa na rufuwa. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa ne suka fi jin jiki. Ruwan farko na damina shi ke kwasar ƙazantar da ta taru duk rani ya zuba a rijiyoyi. Saboda haka maigida, a ɗaga bakin rijiya, a shafe kewayenta da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga kada ya kwana a ƙasa.

Yasar rijiya da kwashe masai kuwa a bar wa masu sana'ar. A ƙasan rami iskar numfashi kan ƙare, ko wata mai guba ta taru, mutum ya sume kafin ya yi ihu. Kada a zura injin jan ruwa mai amfani da fetur cikin rijiya alhali akwai mutum a ciki, hayaƙinsa kisa yake yi. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, ƙarti na riƙe da ita a sama. In wani ya faɗi a ciki, kada ɗan'uwansa ya bi shi, a jawo shi da igiya, a kira 'yan kwana-kwana. Gidaje da dama sun yi rashin mutum biyu ko uku a rami ɗaya saboda kowa ya shiga ceton na gabansa.

Yanzu mu fito tsakar gida. Tarin itace, da tsofaffin bulo, da buhunan da aka jibge a lungu, a nan kunama da maciji ke fakewa da zafi, haka ma gindin randa saboda sanyinsa. A sa takalmi rufaffe, a fara motsa kaya da sanda kafin a kai hannu. Mutanen yankin Kaltungo a jihar Gombe, inda asibitin masu saran maciji yake, sun san ɓarnar kububuwa. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a nufi asibiti.

Duk abin da zai iya tare ruwa a kawar da shi: tsohuwar taya, gwangwani, fasasshiyar tukunya, ledar fiya wata. Kwatamin da ke bayan ɗaki a cike shi da ƙasa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan sauro ke zama sauro mai cizo, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Kowane gwangwani da aka kife yau, an rage wa yaro kwanan asibiti a watan Agusta.

Maigida, rufi naka ne. A hau a share ganye da ƙasar da suka taru, a ƙara ƙusa inda kwano ya ɗaga, domin guguwar farkon damina ba ta raga wa sakakken kwano. Mai soron ƙasa ya duba indararo ya buɗe shi, ya yi yaɓe, ya shafe da makuba yadda iyaye suka saba. Reshen bishiyar da ya rankwafo kan ɗaki ko wayar wuta a sa a sare shi.

Sharar da aka tara fa, ina za ta? Ba cikin kwata ba. Wanda ya gyara gidansa ya juye dattin a lambatu, ruwan farko zai dawo masa da shi har ɗaka, ya haɗa da na maƙwabta. Kada kuma a cinna wa leda da roba wuta a tsakar gida. Hayaƙin na cutar da ƙirji, iskar bazara kuma na ɗaukar tartsatsi zuwa danni da rumbu. Ƙarfe da roba da kwalba a sayar wa 'yan jari-bola. Ganye da toka da kashin dabbobi taki ne, manomi na nema. Sauran a kai inda hukuma ta tanada. Magungunan da wa'adinsu ya ƙare a fitar da su daga inda yara ke kaiwa, a tambayi ma'aikacin lafiya yadda za a zubar. Tsofaffin takardu masu ɗauke da ayoyi ko sunan Allah a ware su daban, a bi yadda malamai suka koyar wajen kawar da su cikin girmamawa.

Jama'a, wannan aiki ya fi ƙarfin mace ita kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗaga katifa da hawa rufi da yashe kwata na maigida ne da samari. Yara su kwashe gwangwani, su goge takalma, su koyi aikin tun suna ƙanana. Daga gida kuma sai a fita layi. Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, da ake leƙa randa da masai gida-gida. A 1985, lokacin mulkin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon, a Kano aka ƙaddamar da ɓangaren tsaftar muhalli na shirin yaƙi da rashin ɗa'a, kuma har yau jihohi da dama na ware safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata don shara. Kada mu mayar da ita safiyar ramuwar barci. Mai unguwa da limami da ƙungiyar matasa su sa rana, a fito da shebur da baro a yashe magudanar layin tun daga sama har inda ta faɗa babbar kwata, a kuma kwashe abin da aka fitar, kada a bar shi a gefe ya koma.

Lokaci ya yi halinsa. Abin da nake roƙo shi ne, yau da daddare a zauna da iyali a raba aiki, a sa wa kowane ɗaki ranarsa, a fara da ɗakin ajiya da randa tun wannan makon. A tuna da ƙa'idojin nan uku: a fitar da kaya, a taho daga sama zuwa ƙasa, a yi aikin a jiƙe. A nisanci haɗa bilic da wani sinadari, a nisanci fiya-fiya a ɗakin kwana, a bar rijiya da masai ga masu sana'ar.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kawo mana damina mai albarka, ya kare mu daga cututtukan zafi da na ruwa.  

(Kiɗan rufe shiri)